A Dubi Firji Kafin A Dubi Fenti: Zaɓen Asibitin Kare Da Kyanwa

Da wuya a shiga unguwa a ƙasar Hausa a rasa kyanwa mai kama ɓera, ko karen gadi, ko na farauta, ko zomaye da tantabarun da yara kan yi kiwo. Idan ɗaya daga cikinsu ya kwanta ciwo, abin da aka saba yi shi ne a nemo wani mai rataye da jaka wanda ya iya soka allura, ya yi abinsa cikin minti biyu, a sallame shi. Jama'a da yawa sun ɗauka saurin hannu wajen allura shi ne ƙwarewa. Wannan fahimta tana da haɗari ƙwarai, domin kuwa duk maigidan da ya zaɓa wa karensa likita, to, har da lafiyar 'ya'yansa ya ɗora a hannun wannan likita.

Dalilin faɗin haka shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke ɗaukar ta, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na masu mutuwar yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabba. Idan ta shiga rauni sai ta bi jijiyoyi sannu a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa, kuma da zarar alamunta sun bayyana, da ƙyar ake samun wanda ya tsira. Abin takaicin shi ne tun a shekarar 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro mai suna Joseph Meister da allurar rigakafi a Faransa, kuma masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, cutar takan daina yaɗuwa a can.

To, a nan ne maganar firji ta shigo. Ruwan rigakafi yana bukatar a ajiye shi cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Selshiyos, tun daga inda aka sarrafa shi har zuwa lokacin da za a zuƙe shi cikin sirinji. A Sakkwato ko Maiduguri kuwa zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40. Kwalbar da ta yini cikin jaka a bayan babur tana iya rasa ƙarfinta, alhali launinta bai sauya ba, babu kuma idon da zai gane. Karen da aka yi wa irin wannan allura, mai shi ya biya kuɗi, ya saki jiki, ya bar yara suna wasa da shi, amma dabbar ba ta da kariyar da ake zato. Wannan ya fi rashin allurar muni, tunda wanda ya san karensa ba shi da rigakafi ko ba komai yakan yi hattara. Saboda haka babu rashin ladabi idan mai dabba ya nemi a nuna masa firjin asibiti, ya ga ko da ma'aunin sanyi a ciki, ya kuma tambayi abin da ake yi idan an ɗauke wuta. Asibiti nagari ba ya jin haushin wannan tambaya. Zai ma nuna ranar ƙarewar wa'adin kwalba, ya rubuta lambarta a katin dabbar tare da ranar da za a dawo.

Sai kuma wanda zai riƙe sirinjin. Likitan dabbobi a Nijeriya yakan yi shekara 6 a jami'a, a wurare irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri, waɗanda kowace tana da asibitin koyarwa na dabbobi. Bayan ya kammala sai ya yi rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya kafin ya fara aiki. Malaman dabbobi masu ƙaramar shaida suna da amfani mai yawa, musamman a karkara, amma ya kamata a ce akwai likitan da ke duba aikinsu.

Akwai wata tambayar da ba kasafai ake yi ba: shin wannan asibiti ya saba duba karnuka da kyanwoyi? Aikin likitan dabbobi a Arewa kan shanu ya ginu. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, an kafa ta a 1924 ne musamman domin yaƙi da bushiya, annobar shanun da sai a 2011 aka bayyana kawar da ita daga duniya. Wannan tarihi abin alfahari ne, sai dai hannun da ya saba da bajimi yana iya yi wa kyanwa nauyi. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol kamar ta mutum, har ƙwaya guda tana iya kashe ta. Haka nan sinadarin permethrin da ake shafa wa kare domin kaska da ƙuma, guba ne a jikin kyanwa. Asibitin da ba shi da sikelin auna nauyin ƙaramar dabba, da ka yake lissafin magani.

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Kare mai zazzaɓi da ƙin cin abinci yana iya fama da ƙwayoyin cutar da kaska ke sa wa jini, ko tsutsar ciki, ko wata cutar daban, kuma kowace da maganinta. Ɗigon jini ɗaya a kan gilashi, ko ɗan kashi kaɗan, ya isa madubin likita ya bambance wasu daga cikinsu. Wanda ba ya gwaji sai ya haɗa magunguna uku ko huɗu ya ɗirka wa dabba, da fatan ɗaya zai dace, kuma ta irin wannan hanya ce ƙwayoyin cuta ke koyon bijire wa magani. A kula da tsabta ma. Cutar parvo, mai sa 'yan kwikwiyo amai da gudawar jini, wadda ta bayyana a 1978, ƙwayarta kan yi watanni da rai a ƙasa. Inda ake tara masu gudawa da masu zuwa rigakafi a ɗaki guda, ba a kuma wanke teburi da ruwan kulorin, ɗan kwikwiyo kan je da lafiya ya komo da ajalinsa.

Wani zai ce duk wannan magana ce ta masu hali, talaka ina ya ga kuɗin kai kare asibiti? Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya, musamman ga mazauna ƙauye. Amma akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwa, kuma a wurare da dama akan shirya gangamin rigakafi kyauta ko cikin rahusa a daidai ranar 28 ga Satumba, wato Ranar Yaƙi da Haukan Kare ta Duniya, wadda aka fara a 2007. Allurar kare ɗaya kuwa ba ta kai kuɗin jerin allurai da za a yi wa yaro ɗaya da aka ciza ba. Malaman kimiyya za su yi aikin kirki idan suka kai ɗalibansu ziyara asibitin dabbobi mafi kusa, su ga firji da madubi da idanunsu.

Hanya mafi sauƙi ta gwada asibiti ita ce a tambayi ma'aikacinsa abin yi idan kare ya ciji mutum. Amsar da ta dace ita ce a wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai gudana har tsawon minti 15, a garzaya da mutumin asibitin mutane a ranar domin fara rigakafi, a kuma killace karen a sa masa ido na kwana 10. Idan ya mutu ko an kashe shi, likita ne zai aika da kansa ɗakin gwaje-gwaje domin a binciki ƙwaƙwalwar. Ma'aikacin da ya ce a shafa magani a koma gida, ba wurin kai dabba ba ne wurinsa.