Ƙauye Ba Tashar Mota Ba Ne

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano a watan Fabrairu, da ya kusa Kura zai ga abin da ya saɓa wa al'adar rani. A sauran ƙasar Hausa gonaki sun bushe, dabbobi na kiwon kara, amma nan ƙasa kore shar: alkama, albasa, masara, tumatir. A Kwanar Gafan kwanduna na jere suna jiran manyan motocin Kudu. Ka ratse zuwa Bunkure, haka abin yake. Shekara hamsin ke nan wannan yanki na rayuwa da damina biyu, ta sama da ta madatsar ruwan Tiga. Amma ka ɗauko ƙagaggun labaran Hausa na zamaninmu, ko bugaggu ko waɗanda ake karantawa a waya, da wuya ka ci karo da wannan ƙasa a cikinsu.

Ƙauye a yawancin littattafanmu tashar mota ce kawai. A babi na farko yarinya kyakkyawa na tallan nono ko tana shan wuya a hannun kishiyar uwa. A babi na uku wani attajiri ya yi ɓatan hanya, ya gan ta, ya ɗauke ta zuwa Nasarawa ko Abuja. Daga nan ƙauyen ya gama aikinsa. Ba shi da suna, ba a san me ake nomawa a cikinsa ba, ba a san gonar wa ke iyaka da ta wa ba. Ka cire shi ka sa wani, labarin ba zai ji ko gezau ba. A ganina wannan ita ce babbar naƙasar rubutun zube na Hausa a yau, ta fi matsalar ƙa'idojin rubutu da ake yawan kuka da ita.

Mu leƙa ƙasar Sin, domin a can an nuna abin da wuri ke iya yi wa labari. Mo Yan, wanda ya sami kyautar Nobel a 2012, ya kafa mafi yawan littattafansa a karkarar Gaomi ta lardin Shandong, inda aka haife shi. Littafin da ya fito da shi duniya sunansa na nufin jar dawa, wato hatsin nan da muke tuwo da shi. Gonar dawar ita ce ke haifar da abubuwan da ke faruwa: tsayinta ya sa masoya suka sami maɓoya, ita ta ba mutanen gari damar yi wa sojojin Japan kwanton ɓauna, da ita ake yin giyar da iyalin ke ci da ita. Ka sare dawar, labarin ya mutu. Haka Chen Zhongshi, a littafinsa na 1993 kan wani tudu kusa da birnin Xi'an, ya ɗora rabin ƙarni na tarihin ƙasarsa a kan gidaje biyu, kuma tun farkon littafin akwai musayar gona da aka yi da wayo. Waɗannan marubuta sun san ƙasarsu taki-taki, shi ya sa mai karatu a wata nahiya yake yarda da su.

To, me Gaomi ta fi Bunkure da shi? An kammala madatsar Tiga a 1974, aikin da aka faro a zamanin Gwamna Audu Bako, aka tsara shayar da kimanin hekta 22,000 a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam. Aka auna gonakin gado, aka sake yanka su don su dace da magudanan ruwa. Marubuci ya tsaya nan ya yi tunani. Magudanar ruwa tana da kai, tana da wutsiya. Mai gona a kai yana sha ya ƙoshi. Na wutsiya sai abin da aka rage, musamman idan ciyawar kacalla ta toshe hanya. 'Yan'uwa biyu, uba ɗaya, rabon gado ya jefa ɗaya kai, ɗaya wutsiya: ga gaba, ga hassada, ga wanda zai tashi cikin dare ya buɗe ruwa ba ranarsa ba. Ga ma'aikacin birni da ya karɓi gonar talaka haya, har mai gonar ya koma ɗan ƙwadago a cikinta. Ga auren da aka sa wa rana bisa kuɗin tumatir, sai tsutsar 2016 ta cinye gonaki cikin 'yan kwanaki. Ga mutanen Haɗeja da Nguru a can ƙasa, waɗanda tare ruwan ya sauya musu ambaliyar da fadamunsu suka dogara da ita. Duk wannan ba sai an ƙirƙiro aljani ko hamshaƙin mai jirgin sama ba. Ƙasar da kanta ta riga ta ƙulla zaren.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce mai karatu ya gaji da talauci, yana son littafi ya fitar da shi daga ƙuncinsa, kuma marubuci ma ciki gare shi. Gaskiya ne, kuma ba na raina adabin kasuwar Kano. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da tsararsu sun sa dubban mutane karatu a lokacin da kamfanonin ɗab'i suka ja baya. Amma a lura, ƙarfin Balaraba daga wuri ya zo: ta san tsakar gidan Kano, ta san ɗakin uwargida da na amarya da abin da ke wucewa tsakaninsu. Abin da nake nema shi ne a yi wa gona irin sanin da aka yi wa tsakar gida. Kuma wa ya ce babu soyayya a bakin magudana? Wa ya ce babu kuɗi a Kura, garin da shinkafarsa ke cika kasuwanni?

Laifin bai tsaya kan marubuta ba. Mu masu karatu, likitoci da lauyoyi da malaman jami'a, yawancinmu kuɗin gona ne ya kai mu makaranta, amma muna jin nauyin ganin ƙauyenmu a takarda. Muna yaba littafin baƙo saboda ya san gonarsa, muna sayen namu saboda ya manta tasa.

Shawarata ga matashin marubuci ita ce ya bar kwatanta falo da motoci na wata uku. Ya je Bunkure da rani, ya zauna da masu ban ruwa, ya ji yadda ake rabon kwana, ya koyi farashin taki da ladar mai tsinkar tumatir, ya san wa ke bin wa bashi. Idan ya dawo ya zana taswirar magudana ɗaya da gidaje biyar da ke sha daga gare ta, kafin ya rubuta ko jimla guda. Zai tarar rabin labarinsa na cikin taswirar.