Sharhi: Maido da Magana da Tunani Bayan Raunin Ƙwaƙwalwa a Madawa, Buza da Keita

Sharhin na yau ya shafi wani ɓangare na jinya da ba kasafai ake tattauna shi ba a gundumomin Madawa da Buza da Keita na jihar Tawa, wato halin da mutum yake shiga bayan ya tsira daga larurar da ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, an sallame shi daga asibiti da ransa, amma ya koma gida harshensa ya kasa furta abin da ke zuciyarsa, ko kuwa mantuwa ta yi masa yawa har ya kasa riƙe lissafin da a da yake yi da ka. Binciken likitoci na shekaru masu yawa ya tabbatar cewa irin wannan mutum yana iya samun ci gaba ta hanyar horo mai tsari, kuma abin tambaya shi ne yadda wannan horo zai isa ga mazauna ƙauyukan Adar da kwarin Majiya.

Hanyoyi uku ne suka fi kai mutanen wannan yanki ga raunin ƙwaƙwalwa. Ta farko ita ce shanyewar ɓarin jiki, wadda ke faruwa idan jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, har wani sashe ya rasa jini ya mutu. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana, ciki har da na Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya danganta kusan kashi 90 cikin 100 na wannan larura da hawan jini. Ta biyu ita ce buguwar kai a hatsarin hanya, musamman ga 'yan kabu-kabu da fasinjojinsu da ke hawa babur ba hular kwano, a kan babbar hanyar da ta ratsa Madawa da kuma hanyoyin duwatsu na Buza da Keita. Ta uku kuwa ita ce zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, wanda ke sa yaro ya yi ta jijjiga ya suma, kuma shi ne ke cika ɗakunan yara na asibitocin yankin a ƙarshen damina.

Larurar magana da ke biyo bayan irin wannan rauni ana kiranta afaziya, kuma tana samun kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye. Ma'anarta ita ce lalacewar sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa harshe, wanda ga yawancin mutane yake gefen hagu, shi ya sa sau da yawa take zuwa tare da mutuwar hannu da ƙafar dama. A 1861 likitan Faransa Paul Broca ya bayyana wani majiyyaci da ke fahimtar abin da ake faɗa masa amma gaɓa ɗaya tak yake iya furtawa, sannan a 1874 Bajamushe Carl Wernicke ya bayyana wani nau'in dabam, inda magana ke zuba daga bakin majiyyaci ba tangarɗa amma ba ma'ana, shi kansa kuma ba ya gane abin da ake ce masa. Abin da ya fi ruɗa iyali shi ne ganin dattijo yana karanta Fatiha daga farko har ƙarshe, yana amsa gaisuwa yadda ya saba, amma idan ƙishirwa ta kama shi sai ya kafe buta da ido ya kasa cewa ruwa, dalili kuwa shi ne maganar da baki ya haddace tana bin wata hanya a ƙwaƙwalwa dabam da ta maganar da mutum yake ƙirƙira don bukatar lokacin. Irin wannan dattijo hankalinsa yana nan, yana jin zafin raini, kuma yana lura da duk wanda ya yi magana a kansa kamar ba ya wurin.

Ginshiƙin duk wani horo shi ne abin da masana suka gano cewa ƙwaƙwalwa tana iya sake tsara kanta, ta yadda sassan da suka tsira za su ɗauki wani ɓangare na aikin sashen da ya lalace, kamar yadda idan ruwan korama ya yanke hanyar kasuwa matafiya kan zagaya, yawan bi kuma ya mayar da zagayen hanya. Masanin Rasha Alexander Luria, wanda ya yi jinyar sojojin da suka ji rauni a ka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana cikin waɗanda suka fara gina horo a kan wannan tushe, kuma tun daga lokacin masu bincike suke ta gwada ko horon yana aiki, da kuma yawan da ake bukata.

Amsar da ta fi ƙarfi ta fito a 2016, lokacin da Marian Brady da abokan aikinta, a ƙarƙashin ƙungiyar Cochrane mai tace sakamakon gwaje-gwajen likitanci, suka tattara gwaji 57 da suka ƙunshi majiyyata 3,002, suka kuma samu cewa waɗanda aka yi wa horon magana sun fi waɗanda ba a yi wa ba iya isar da bukatunsu da karatu da rubutu. A 2017 kuma mujallar Lancet ta wallafa wani gwaji da Caterina Breitenstein ta jagoranta a Jamus a kan majiyyata 156 da suka yi aƙalla wata shida da larurar, wato lokacin da a da ake ganin an makara, inda aka yi musu horo na aƙalla sa'a 10 a kowane mako har mako uku, maganarsu ta inganta, ingancin kuma bai gushe ba bayan wata shida. Darasin da ke cikin wannan biyu ne: daɗewar larura ba ta rufe ƙofar samun sauƙi, sannan yawan sa'o'in horo yana da tasiri, don haka ganin ƙwararre sau ɗaya a wata ba zai wadatar ba.

A ɓangaren mantuwa da rashin tattara hankali, bincike ya fi karkata ga koya wa majiyyaci dabarun da za su cike giɓin da rauni ya bari. Barbara Wilson da abokan aikinta a Ingila sun nuna a 2001 cewa wata ƙaramar na'ura mai tura saƙon tunatarwa a kan lokaci ta taimaka wa mafi yawan majiyyatan da aka gwada wajen shan magani da cika alƙawura, aikin da a yau ƙararrawar kowace ƙaramar wayar salula za ta iya yi wa mai sayar da albasa da ke manta lokacin magani ko ranar kasuwa. Game da yara kuwa, binciken da aka yi a Kampala ta ƙasar Yuganda, aka wallafa a 2008, ya samu cewa kusan yaro ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tsira daga zazzaɓin da ya hau kai yana da raunin fahimta shekara biyu bayan warkewa, musamman wajen tattara hankali. Wannan ya kamata ya tsaya a ran malaman boko da na allo, domin yaron da ake wa kallon daƙiƙi ko mai taurin kai bayan doguwar suma, wataƙila tabon zazzaɓi ne yake ɗauke da shi, kuma bulala ba za ta kankare shi ba.

Sai dai bincike ya kuma nuna iyakokin wasu hanyoyin da ake ɗauka masu sauƙi. Wani gwaji da Jami'ar Sheffield ta jagoranta, aka wallafa a 2019, ya ba majiyyata horo da kwamfuta a gidajensu, suka ƙware wajen tuno kalmomin da suka maimaita, amma hirarsu ta yau da kullum ba ta canja ba. Haka nan gwajin ATTEND da aka yi a Indiya a kan majiyyata 1,250, aka wallafa a 2017, ya ba iyalai ɗan gajeren horo don su ci gaba da kula da majiyyaci a gida, amma bayan wata shida ba a ga bambanci tsakanin majiyyatansu da sauran ba. A gefe guda kuma, Aura Kagan a birnin Toronto ta nuna a 2001 cewa 'yan sa-kai da aka koya wa dabarun hira da mai afaziya sun fi iya fito da abin da ke ransa, shi ma ya fi shiga hirar. Idan aka haɗa waɗannan sakamako, abin da ke fitowa shi ne tausayin iyali da na'ura ba su isa su kaɗai ba, sai an haɗa su da koyarwa mai zurfi da bibiya daga wanda ya san aikin.

A nan ne lamarin ya shafi Madawa da Buza da Keita kai tsaye. Masu sana'ar horar da magana 'yan ƙalilan ne a Nijar, galibinsu kuma suna manyan birane, alhali daga Madawa zuwa Yamai tafiyar kimanin kilomita 500 ce, wadda manomi ba zai iya yin ta sau uku a mako ba. Ban da nisa akwai batun harshe, domin horon magana ba ya yiwuwa sai da harshen da majiyyaci yake rayuwa da shi, wato Hausa ga mafi yawa, Tamajak ko Fulatanci ga wasu, yayin da kayan gwaji da na horo da ake koyar da ma'aikata da su an tsara su ne da Faransanci don mutanen da suka yi makaranta. Gwajin da ke neman tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta zana agogo, rashin boko zai auna maimakon raunin ƙwaƙwalwa. Abin da yankin yake da shi kuwa ba kaɗan ba ne: akwai ɗakunan shan magani na ƙauyuka, da cibiyoyin lafiya, da asibitocin gunduma, da babban asibitin Tawa, da asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, da kuma 'yan sa-kai na lafiya waɗanda suke bi gida-gida kowace damina suna raba wa yara maganin rigakafin zazzaɓi. Tsarin da ya iya kai magani ƙofar kowane gida zai iya kai horo, idan aka koya wa ma'aikatansa.

Horon kansa ba ya bukatar kayan tsada. Ana zaunar da majiyyaci wuri mara hayaniya, a ajiye masa abubuwa huɗu ko biyar da ya saba da su, kamar ƙwarya da ludayi da tasbaha da buta, mutum ɗaya ya nuna masa ɗaya ya tambaye shi sunansa, sannan ya yi shiru ya ba shi lokaci. Idan kalmar ta ƙi fitowa sai a taimaka masa da farkon sautinta ko da jimlar da za ta jawo ta, kamar a ce ana alwala da, a bar shi ya ƙarasa, idan ya samo ta kuma a sa shi ya yi amfani da ita cikin bukata ta gaske. Ana yi masa tambayar da amsarta i ce ko a'a, ana karɓar nuni da hannu a matsayin magana, ana tsayawa da zarar gajiya ta bayyana, a sake komawa da yamma da kuma washegari. Kuskuren da iyali suka fi yi shi ne ƙarasa masa magana don tausayi, ko ɗaga murya kamar kurma ne, ko killace shi a ɗaki don kunyar baƙi.

Addu'a da tofi suna da matsayinsu a zukatan jama'a, kuma babu saɓani tsakaninsu da neman magani, amma ɗaukar karkacewar baki ko sarƙewar harshe na farat ɗaya a matsayin shafar iska ko jifa yana cinye sa'o'in farko da ya kamata a ce majiyyaci yana gaban likita. A watan Mayu na 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ƙudurin da ke kiran ƙasashe su sanya aikin farfaɗo da majiyyata cikin tsarin lafiyarsu tun daga matakin farko. Saboda haka kira ga hukumomin lafiya na jihar Tawa shi ne su horar da ma'aikaci aƙalla ɗaya a kowane asibitin gunduma kan wannan fanni, jami'o'in Nijar da na arewacin Najeriya su haɗa kai su tsara kayan gwaji da Hausa su kuma auna amfaninsu a ƙauyuka, su kuwa jama'a su riƙa auna jininsu, su sa hular kwano, wanda kuma yake da irin wannan majiyyaci a gida ya ware masa lokacin hira kowace rana, ya yi haƙuri ya saurare shi har ya kai ƙarshen maganarsa.