INA JIRGIN KAYANMU?

Ya kai manomi, tambayi dattawan garinku. Tun 1911 dogo ya iso Kano, a 1929 ya kai Ƙaura Namoda, a 1930 ya kai Nguru. Bature bai shimfiɗa shi don ƙaunarmu ba, gyaɗa da auduga yake so, amma dai kaya sun tafi. Yau fa? Tashoshi da yawa sun zama kufai.

Kai ka noma tumatir, babbar mota ta kwashe shi sai Ikko: ga ramuka, ga shingayen karɓar kuɗi, ga tsadar man gas. Wani ya ruɓe a hanya. Wa ke biyan wannan asara? Kai ne, domin tun a gona dillali ya zabge ta daga kuɗin kwandonka.

Za su ce maka an buɗe jirgin Abuja zuwa Kaduna a 2016. Madalla! Buhun masararka nawa ya taɓa ɗauka?

Ɗan kasuwa shi kaɗai ba zai shimfiɗa dogo ba, aikin gwamnati ne. Jam'iyyarmu za ta ware kuɗi a kasafi don taragon shanu da na hatsi, da sito a tasha, da hanyar burji daga ƙauyenku har bakin dogo. Ranar zaɓe ka dangwala mata.