Zancen mako: Bayan mai ciki da ƙwayar bakin tasha

Zancen yau na mata ne, amma da maza nake, domin na san galibin masu riƙe da wannan jarida suna zaune ne a shago, a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko kuwa suna biro suna jiran a tashi aiki. Kowanenmu ya taɓa dawowa gida da dare ya tarar da mai ɗakinsa, ciki ya tsufa, ta dafe ƙugu tana cije leɓe. Abin da maigida ya yi a wannan lokaci yana iya zama sauƙi gare ta, yana kuma iya zama sanadin asarar da ba a mayarwa. Bari in fara da laifin kaina.

Sa'ad da uwargidana take da cikin ɗanmu na biyu, a wata na bakwai, ciwon baya ya hana ta barci kwana uku. Ni kuma, da nake ganin na yi lakkwal na san duniya, sai na tsaya bakin tasha wajen wani yaro mai tiren magani, na ba shi dala arba'in, ya ƙirgo mini ƙwayoyi ya ce irin waɗanda ƴan dako ke sha ne, ko buhu goma mutum ya ɗauka zai kwana lafiya. Allah ya rufa asiri, washegari ranar awonta ce, sai ta ƙi sha, ta ɗaure su a leda tare da takardar awo ta tafi da su gidan likita. Da na je ɗaukarta, ungozoma ta sa aka kira ni ciki.

«Mushe, kai ka sayo wannan?» Na ce ni ne. Ta juya fakitin ta nuna mini ƙaramin rubutun da ban tsaya na karanta ba. «Ga shi nan, ibuprofen. Kai da kake karanta faransanci ka yi haka, ina ga wanda bai je lakkwal ba? Bayanta kake son ka warkar, amma ƙodar ɗanka da zuciyarsa za ka taɓa.» Na fito kaina a sunkuye. Daga ranar na shiga tambaya da karatu, abin da na samo kuwa shi zan baje muku yau.

Da farko, ciwon baya ga mai juna biyu ba baƙon abu ba ne: rabin mata masu ciki, ko fiye, suna fama da shi, musamman daga wata na biyar zuwa haihuwa. Dalilansa a fili suke. Mace takan ƙara nauyin kilo 10 zuwa 12, wata har 16, kuma yawancin nauyin a gaba yake, saboda haka sai ta riƙa banƙarewa don kada ya rinjaye ta, gadon baya ya lanƙwashe fiye da yadda ya saba. Naman ciki, wanda da shi ke tallafar baya, ya miƙe ya rage ƙarfi. Bayan haka jiki yana fitar da wasu sinadarai masu sassauta jijiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan ƙugu, don hanya ta buɗe ranar haihuwa. Ke nan a daidai lokacin da kaya ya ƙaru, igiyoyin da ke riƙe da shi sun saki. To a kan wannan ne muke ɗora mata bidon ruwa mai lita 25, wato kilo 25 cif, da taɓarya, da guntuwar tsintsiya, da goyon wanda ba a daɗe da yayewa ba.

Mu koma ga ƙwayar bakin tasha. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan maganin ciwon jiki dangi ɗaya ne: ibuprofen, diklofenak, da aspirin mai yawa, wani lokaci a haɗe da parasetamol da kafeyin cikin ƙwaya guda, ta yadda mai saye bai san abin da ya saya ba. Waɗannan magunguna suna ratsa mabiyiya su isa ga jariri. Daga tsakiyar ciki, ruwan da jariri ke kwance a cikinsa yawancinsa fitsarinsa ne. In maganin ya rage aikin ƙodarsa, ruwan sai ya ragu. Akwai kuma wata jijiya kusa da zuciyar ɗan tayi wadda ke karkatar da jini kada ya bi ta huhu, tun da bai fara numfashi ba. Ba ta rufewa sai bayan haihuwa, amma waɗannan ƙwayoyi suna iya rufe ta tun yana ciki, zuciyarsa ta wahala, wani lokaci har a rasa shi. Saboda haka hukumar kula da magunguna ta Faransa ta hana su ga mai ciki tun daga farkon wata na shida, ko da sha ɗaya ne, har da irin man shafawar da ke ɗauke da su. A shekarar 2020 takwararta ta Amurka ta yi gargaɗi a guje su tun daga mako na 20. Ko a farkon ciki ma ba a shan su sai da umarnin likita. Ƙaramin aspirin da likita ke rubuta wa wasu mata saboda tsoron hawan jini, wannan dabam ne, kada wadda aka rubuta wa ta daina.

Tramol kuwa, wanda ya riga ya cinye mana samari da yawa a unguwanni, ya fi muni. In uwa ta saba sha, jariri ma ya saba. Ana haihuwarsa sai kuka ba tsayawa, da karkarwa, da ƙin nono, wani ma numfashi ya yi masa wuya. Haka nan jiƙe-jiƙe da saiwoyin da ba wanda ya san ƙarfinsu, da ƙaho, da tausar mai ƙarfi da wasu ke yi har da taka baya: duk a ajiye su har a sauka lafiya.

Maganin da likitoci suka fi amincewa da shi ga mai ciki shi ne parasetamol, shi ma da ƙa'ida. In ƙwayar mai miligiram 500 ce, kada a wuce biyu a sha ɗaya, a bar awa 6 tsakani, kada a wuce shida a yini da kwana, kuma in an yi kwana biyu ko uku ciwo bai lafa ba, a koma wajen ungozoma. Wuce iyaka yana lalata hanta. A saye shi a farmasi, domin na kan tire ya sha rana da ƙura, ba a kuma san asalinsa ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado; a nan araha har rai takan ci.

Amma gaskiyar magana, mafi yawan sauƙin wannan ciwo a tsakar gida ake samunsa, kuma maigida ne ke riƙe da mabuɗin. Ruwa shi ne na farko. Wanda ya san wahalar ruwa a Damagaram lokacin bazara ya san bido nawa mace ke ɗagawa kafin azahar. A biya kuɗin ɗan ga-ruwa. Hatsi a kai inji. Tsintsiya a ɗaura mata sanda don a yi shara a tsaye. Wanki da wanke-wanke a ɗora bahon bisa benci ko turmi da aka kifa, maimakon a duƙa awa guda. Yaron da ke neman goyo, a samu yayarsa ko ƙanwar maigida ta karɓe shi. In kuwa dole ne ta ɗauki abu daga ƙasa, ta lanƙwasa gwiwoyi ta tsuguna, ta jawo shi jikinta, sannan ta miƙe, kada ta sunkuya da baya ko ta murɗa jiki da kaya a hannu.

Na biyu kwanciya. Ta kwanta a gefe, gwiwoyi a ɗan naɗe, matashi ɗaya tsakanin gwiwoyi, wani ƙarami ƙarƙashin ciki. Kwanciya rigingine ba ta dace da tsohon ciki ba, don nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mai da jini zuciya. Katifar da ta lotsa a tsakiya a sauke ta ƙasa ko a shimfiɗa katako ƙarƙashinta. In za ta tashi, ta juya gefe ta dogara da hannu, kada ta zabura. Tawul da aka tsoma a ruwa mai ɗumi, wanda hannu ke iya jurewa, a ɗora a ƙugu minti 15, sannan a bi da tausa mai laushi da tafin hannu. Ba abin kunya ba ne namiji ya yi wa matarsa wannan a cikin ɗakinsa.

Na uku, kada a ɗauka hutu shi ne kwanciya yini guda. Wannan ƙara sandarar da baya yake. A shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar a 2016 game da kula da masu ciki, ta ce motsa jiki a kai a kai yana rage ciwon baya da na ƙugu, ta kuma ambaci ɗamarar tallafar ciki cikin abubuwan da ake iya gwadawa. Tafiya a ƙasa minti 20 zuwa 30 da sanyin safiya ko bayan la'asar ta isa. Akwai kuma wani motsi mai sauƙi: ta durƙusa bisa gwiwoyi da tafin hannu a tabarma, ta tura baya sama a hankali kamar kyanwa in tana miƙa, ta ɗan riƙe, ta saki, kamar sau goma. Takalmi mai tsini a ajiye shi sai bayan suna. Tafiya bisa kabu-kabu a hanya mai ramuka a rage ta gwargwadon iko.

Ƴan'uwanmu mata ma'aikata, malaman makaranta da sakatarori da masu zama bakin kanti, nasu ciwon daga dogon zama ne ko doguwar tsayuwa. Ƙaramin matashi a bayan ƙugu, wani abu ƙarƙashin ƙafa don gwiwa ta ɗan ɗago, da tashi a taka ƴan taku kowane rabin awa, suna yin amfani ƙwarai. Shugabannin ma'aikatu da alhazan da ke da mata a cikin masu yi musu aiki su tuna cewa dokar aiki ta 2012 ta ba mai ciki hutun mako 14, takwas daga ciki bayan haihuwa. Haƙƙinta ne, ba alfarma ba.

Yanzu ga abin da ya fi kome muhimmanci. Wani ciwon bayan saƙo ne, ƙwayar kashe ciwo kuwa tana toshe bakin ɗan saƙo. In ciwon yana zuwa yana tafiya a jere, ciki yana tauri, alhali watan haihuwa bai kama ba, wato kafin mako na 37, mai yiwuwa naƙuda ce ta zo da wuri, kuma awoyin farko ne ke ba likita damar taimakon bakwaini. In ciwon a gefe ɗaya yake ƙarƙashin haƙarƙari, ga masassara, ga zafin fitsari, to ƙoda ce ta kamu, ita ma tana jawo haihuwa kafin lokaci. Masassara da ciwon jiki a ƙasarmu, balle da damina, sai an gwada jini an duba zazzaɓin sauro. In an ga jini, ko faya ta fashe, ko jariri ya rage motsi. In ƙafa ta mutu ko fitsari ya kasa riƙuwa. In ga ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannuwa, alamun hawan jinin da ke kai mace ga jijjiga: ko ƙarfe biyun dare ne, a nemi mota. Mai amosanin jini kuma, duk wani ciwon ƙashi mai tsanani a wajenta na gaggawa ne. CSI na unguwa ita ce ƙofar farko. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ta cibiyar kula da uwa da yaro ta Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ko gidan haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai.

A 2006 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin awon ciki a gidajen likita na ƙasa, OMS kuma tana son mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. A wajen awon ne ake auna jini da fitsari, a nan ne kuma za ta faɗi ciwon da ke damunta. Sai dai mun san halinmu. Yarinya mai cikin fari, kunya ba ta barinta ta ce wa miji ko uwar miji bayanta na ciwo, an kuma koya mata cewa mace ta gari ba ta raki. In ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, nan ma kowa ce mata yake haka ciki yake, a yi haƙuri. Haƙuri abu ne mai kyau, amma bai taɓa warkar da ƙoda ba. Saboda haka kai maigida kada ka jira a faɗa maka. Ka tambaya, ka dubi yadda take tashi da yadda take zama, in ka kai ta gidan iyayenta ka bar musu kuɗin mota da lambarka, ka kuma roƙi surukarka da ladabi kada a ba ta kome sai abin da ungozoma ta rubuta.

Ni dai ɗan da na so in shayar da ƙwayar ƴan dako tun yana ciki, ga shi nan yana zuwa lakkwal da ƙafarsa, uwarsa kuma har yau in muka wuce bakin tashar nan sai ta dube ni ta yi murmushi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sauki masu ciki lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.