Masu Sayen Kamannin Talauci da Tsada

Wata al'ada ta ɓullo a ƙasar Amurka wadda ta cancanci malamai da 'yan kasuwa su dube ta da idon basira. Waɗansu samari da 'yan mata, idan za su yi aure, sai su shirya bikin bisa kamannin zamanin karayar arziki na kakanninsu, tun daga suturar amarya har abincin da za a kai gaban baƙi.

Asalin wannan zamani shi ne faɗuwar kasuwar hannun jari ta birnin Niyok cikin watan Oktoba na 1929. Daga 1930 zuwa 1933 bankuna wajen 9,000 suka rushe da ajiyar mutane a ciki. A 1933, cikin kowane ma'aikata huɗu, ɗaya ba shi da aiki. Masifar ta ƙetare teku, har kuɗin gyaɗa ya faɗi a Kano. Aure kansa ya yi wuya: a 1929 akan ɗaura aure kamar 10 cikin kowane mutum 1,000 na Amurka, amma a 1932 bai wuce kamar 8 ba.

Waɗanda suka daure suka yi auren, da abin da ke hannu suka yi shi. Alharini ya fi ƙarfin talaka, sai amarya ta sayi reyon, wato alharinin masaƙa mai araha, a yanka shi a karkace yadda Madeleine Vionnet ta birnin Faris ta shahara da yi, don rigar ta zubo. Wata kuwa rigarta ta fita unguwa za ta sa, bayan biki ta ci gaba da sawa. Matan ƙauye sukan wanke buhun fulawa su ɗinka tufafin gida, har masu fulawa suka gane, suka dinga zuba ta cikin buhu mai zanen furanni don jawo ciniki.

Haka abinci. Akan gasa kek ba ƙwai, ba madara, ba man shanu. Akan dafa taliya da tumatirin gwangwani da masara da ɗan nama, a kira shi da sunan Shugaba Herbert Hoover don ba'a. Biskit ɗin Ritz, wanda ya fito a 1934, akan jiƙa shi da sukari da lemun tsami ya tsaya a madadin tuffa. Kwanonin gilashi masu launi kuwa gyara ce, a gidan silima ko cikin kwalin hatsi ake samunsu.

To, ga inda gizo yake saƙa. Waɗannan kwanoni na gyara yanzu sun zama kayan tarihi, sai an biya. Rigar da talauci ya ɗinka, yau tela mai tsada ake kai wa. Sai ka ga an kama babban zaure haya, an ɗauko masu girki su dafa abincin yunwa, alhali kuwa kuɗin duka rance ne. Wannan shi ne a ɗauki ɓawo a zubar da ƙwaya. Mutanen 1932 ba ado suka nufa ba, tsoron bashi ne ya koya musu daidai ruwa daidai tsaki.

Mai yiwuwa wani ya ce ai tunawa da kakanni ne, kuma babu laifi ga tuna asali. Gaskiya ne. Amma tunawa ta gari ita ce a bi halinsu, ba launin kwanonsu kaɗai ba. Wanda ya yi niyyar irin wannan biki, sai ya fara ƙidaya abin da ke aljihunsa, ya ƙayyade baƙi gwargwadonsa. A yi taron a gida, dangi da maƙwabta kowa ya kawo tukunyarsa, amarya ta ɗinka rigar da za ta sake sawa. Abin da ya saura ya zama jari ko kuɗin ɗaki.

Ɗan kasuwa ya san ranar biki ɗaya ce, amma ranakun biyan bashi suna da yawa, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Angon da ya wayi gari ba mai bin sa ko kwabo, shi ne ya gaji mutanen wancan zamani. Haza wassalam.