RISC-V ba zai karya farashin waya gobe ba, amma ya cancanci a koye shi yau

Kusan duk wayar da ke hannun matasa a yau, Tecno ce ko Samsung ko iPhone, furosesarta da harshe ɗaya take aiki: tsarin umarnin kamfanin Arm na Ingila. MediaTek da Qualcomm da Apple su ne ke tsara cip ɗinsu, amma sai sun sayi lasisi daga Arm, sannan su biya shi wani kaso a kan kowane cip da suka sayar.

Wannan ne RISC-V, wanda ake furtawa "risk-faif", ya zo ya ƙalubalanta. An fara shi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, kuma buɗaɗɗen tsari ne: kowa na iya ƙera furosesa a kansa ba tare da biyan kuɗin lasisin tsarin ba. A 2020 ƙungiyar da ke kula da shi ta koma Suwizalan daga Amurka, don kada rikicin cinikayya tsakanin ƙasashe ya shafe shi.

Shi ya sa wasu ke ɗokin cewa waya za ta yi araha. Wannan zato akwai gyara a cikinsa. Kason Arm ɗan kaɗan ne a cikin kuɗin waya. Allo da kamara da batir da ma'adanar bayanai su ne ke cin kuɗin. Tsarin umarnin kawai ake samu kyauta, amma zana cip mai ƙarfi da buga shi a masana'anta irin TSMC ta Taiwan har yanzu aikin masu hannu da shuni ne.

Babban cikas kuma shi ne manhaja. Wasanni da manhajoji masu nauyi na Android an gina sassansu ne musamman don Arm, kuma sai an sake haɗa su kafin su yi gudu yadda ya kamata a kan RISC-V. A 2023 Google da Qualcomm sun sanar da shirin cip na RISC-V, amma na agogon hannu ne, ba na waya ba. Sai a Oktoban 2024 aka amince da RVA23, ma'aunin da ya fayyace abubuwan da dole manyan furosesoshin RISC-V su ƙunsa, don manhaja ɗaya ta yi aiki a kansu duka.

To ina amfaninsa? Yana wajen mai son ƙira, ba mai jiran sayayya ba. RISC-V ya riga ya shiga ƙananan na'urori. Cip ɗin ESP32-C3 na kamfanin Espressif da shi yake aiki, haka ma Raspberry Pi Pico 2 da ya fito a 2024 kan dala 5 yana ɗauke da shi. Takardun tsarin a buɗe suke a intanet, kuma ainihin umarninsa ba su kai 50 ba. Matashin da ya iya yaren C zai iya karanta su, ya gane yadda furosesa ke aiki tun daga tushe, ko da bai taka jami'a ba.

Wayar RISC-V za ta ɗauki lokaci kafin ta iso kasuwar Farm Centre a Kano. Amma duk ranar da ta iso, za a buƙaci masu sauya manhajoji su dace da ita, kuma waɗanda suka fara koyo tun yanzu su ne aikin zai samu a shirye.