Tsaron Bakin Teku Da Riƙonsa A Zamanin Basasa

Wanda ya fito daga cikin birni ta Ƙofar Nassarawa ya nufi tashar jirgin ƙasa ba zai yi doguwar tafiya ba, amma daga tashar nan zuwa bakin teku a Ikko mil 700 ne. Saboda wannan nisa Bakano ya kan ɗauka maganar teku ta mutanen kurmi ce da Turawan kamfani. Fatake kuwa sun san ba haka ba ne. Tun da jirgi ya iso Kano cikin 1911, gyaɗa da auduga da fatu ba su zama kuɗi sai sun ga ruwa, gishiri da atamfa da kananzir kuma ta ruwa su ke shigowa. Hanyar dogo biyu ce: ɗaya ta bi Jebba ta faɗa Ikko, ɗaya ta rabu a Kaduna ta bi Kafancan da Makurɗi da Inugu ta faɗa Fatakwal. Ta biyun nan ta toshe cikin 1966, bayan kashe-kashen da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa, har da Kano, taragu masu yawa suka maƙale a Gabas, buhunan gyaɗa suka yi ta jiran jirgi.

Har yanzu gardamar wa ke da bakin teku da man da ke ƙarƙashinsa ba ta mutu ba a rumfunan kasuwa da zaurukan malamai, kuma mafi yawan masu yin ta an haife su bayan an ajiye bindiga. Sau da yawa a kan ji mutum ya ce da jinin sojan Arewa aka ƙwato wurin, saboda haka babu mai yi wa kowa gori. Lalle an zubar da jini, na 'yan Arewa da na waɗansu. Amma wanda ya bi labarin daki daki zai tarar yardar mutanen gaɓar ce ta buɗe wa soja ƙofa, kuma da alkawari aka sami yardar nan.

Ƙasar da a ke magana a kanta ba ta yi kama da ƙasar Hausa ba ko kaɗan. Kogin Kwara in ya kusa teku sai ya rarrabu bakuna da yawa, tsakaninsu taɓo ne da itatuwa masu saiwa cikin ruwa, ruwan kuma ya cika ya janye sau biyu kowace rana. Doki ba shi da amfani a can, mota ma haka, sai kwalekwale da wanda ya san mashigi. Mazaunanta Ijo ne da Ogoni da Ibibiyo da Efik da waɗansu, ba Ibo ba ne, ko da ya ke Turawa sun haɗa su cikin Jihar Gabas ɗaya. Sun daɗe suna kukan an danne su. Cikin 1957 gwamnatin Ingila ta naɗa kwamitin Wilinki ya bi ƙasa ya ji koken ƙananan kabilu, ya ji, amma bai yarda a yanka musu jiha ba. Ga shi kuwa a ƙasarsu aka sami man fetur, a Oloibiri cikin 1956, aka fara fita da shi cikin 1958, daga baya tsibirin Boni ya zama wurin da jiragen ruwa ke ɗaukarsa.

Ran 27 ga Mayu 1967 Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jiha 12. A ranar nan aka sami Jihar Kano, kuma a ranar nan aka yanka Gabas uku, aka ba mutanen gaɓa biyu: Jihar Ribas mai hedkwata a Fatakwal, da Jihar Kudu Maso Gabas mai hedkwata a Kalaba. Bayan kwana uku Ojukwu ya yi shelar Biyafara. Watau tun ba a harba harsashi ko ɗaya ba an riga an ba mutanen bakin ruwa da alƙalami abin da suka yi shekara goma suna roƙo, kuma ba za su ga cikarsa ba sai in gwamnatin tarayya ta yi nasara.

Aka fara faɗa ran 6 ga Yuli. Kafin watan ya ƙare sojan ruwa suka ɗauko mutanen Benjamin Adekunle daga Ikko suka sauke su a Boni, suka kama ta. Wanda ya riƙe Boni ya riƙe maƙogwaron Fatakwal, domin ta bakin kogin nan kowane babban jirgi ke shiga. Kalaba ta faɗi cikin Oktoba, Fatakwal cikin Mayu 1968. Cikin waɗanda suka ja sojan nan ta mashigan ruwa akwai Isaac Boro, mutumin Ijo, kuma labarinsa abin lura ne. Shi ne cikin Fabrairu 1966 ya ɗauki makami ya ce ƙasar Ijo ta ɓalle daga Nijeriya, aka murƙushe shi cikin kwana 12, aka yanke masa hukuncin kisa. Gowon ya yafe masa, ya shiga soja tare da mutanensa, masunta da masu tuƙin kwalekwale, suka nuna hanyar da ba ta cikin taswira. An kashe shi kusa da Okirika cikin Mayu 1968.

A gwada wannan da abin da ya faru inda babu irin wannan ja-gora. Runduna ta biyu, wadda Murtala Muhammed ke shugabanta, ta yi ta ƙoƙarin ƙetare Kwara daga Asaba zuwa Anaca cikin Oktoba 1967, kowane karo aka komo da hasarar rayuka mai yawa, domin ruwa ba sa'an kwando ba ne. Shi kansa Adekunle, da ya bar gaɓa ya kutsa tsakiyar ƙasar Ibo, sai tafiya ta canja. Ya kama Aba da Oweri cikin Satumba 1968, aka kewaye sojansa a Oweri wata da watanni, garin ya kuɓuce cikin Afrilu 1969, aka sauke shi aka ba Olusegun Obasanjo rundunar. Sojan ɗaya ne, bindigogin ɗaya, sai dai a can mutanen gari na nuna musu hanya, a nan kuwa suna nuna wa abokan gāba.

Rufe teku shi ya karya Biyafara, kuma shi ne mafi nauyin abin da za a tambayi masu mulkin zamanin. Ƙasar Ibo mutane sun yi mata yawa, da can da busasshen kifin Norwe da shanun Arewa ta ke samun abin miya, gishiri ma daga waje. Da aka toshe ruwa aka toshe tudu, bai rage ba sai filin jirgin sama na Uli, inda jiragen agaji ke sauka da dare. Tamowa ta kama yara, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja. Masu ƙididdiga sun saɓa wa juna kan adadin waɗanda suka mutu, amma da yawa sun kai shi miliyan ko fiye, kuma yunwa ta fi harsashi kisa. Kowane ɓangare ya ɗora wa ɗaya laifin hana abinci wucewa. Ko wanne ne ya fi laifi, yaran da suka mutu ba su ɓalle daga kowa ba.

To, cin gari daban, riƙonsa daban. Gwamnan da aka naɗa wa Ribas, Alfred Diete-Spiff, hafsan sojan ruwa ne wanda bai cika shekara 25 ba, kuma daga Ikko ya fara mulki, tun da ya ke hedkwatarsa na hannun abokan gāba. Na Kalaba shi ne Udoakaha Esuene. Boni kuwa aka ba wani saurayi ɗan Ogoni, Ken Saro-Wiwa, ya riƙe sha'anin farar hula, watau ciyar da 'yan gudun hijira da shiga tsakanin soja da talakawa. Wannan dabara ta sa ɗan ƙasa a kan ƙasarsa ta yi amfani ƙwarai. Amma talakan gaɓa ya sha wuya hannu biyu: sojan Biyafara sun tsare waɗansu sun kwashe waɗansu bisa zargin suna taimakon tarayya, sojan tarayya kuma da suka shigo sun taɓa waɗanda aka ce sun taimaki Biyafara, maƙwabci ya sami hanyar rama tsohuwar gaba da ɗan'uwansa ta bakin soja.

Babban tabon riƙon nan shi ne maganar gidaje. Kafin yaƙi Ibo ne suka fi kowa gidaje a Fatakwal. Da suka gudu, gwamnatin Ribas ta yi doka cikin 1969 ta kira gidajen dukiyar da aka yasar, ta karɓi riƙonsu. Yaƙi ya ƙare ran 15 ga Janairu 1970, Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, masu gidaje suka komo da takardunsu, da yawa ba su sami ko ɗaki ɗaya ba. Aka yi ta naɗa kwamiti, daga ƙarshe aka sayar da gidaje masu yawa ga waɗansu, dokar soja ta 1979 ta rufe ƙofar ƙara.

Malamai ba baƙi ba ne ga wannan mas'ala. Babin masu fita daga ɗa'ar shugaba yana cikin Muhtasar da a ke karantawa a zaurukan birnin nan, kuma hukuncinsa sananne ne: dukiyarsu ba ganima ba ce, ko makaminsu aka yi amfani da shi saboda larura sai a mayar musu in fitina ta kwanta. Asalinsa aikin Sayyidina Ali ne bayan Yaƙin Raƙumi a Basra cikin shekara ta 36 ta Hijira, sa'ad da ya hana bin mai gudu da ƙarasa mai rauni, ya sa aka tara kayan mutane kowa ya ɗauki nasa. Gaskiya ne hukuncin nan tsakanin Musulmi aka faɗe shi, amma dalilinsa a fili ya ke: wanda a ke yaƙa domin ya komo cikin jama'a, in an cinye gidansa ina zai komo? A Sabon Garin Kano da yawa daga cikin waɗanda suka dawo sun tarar da gidajensu, har aka ba waɗansu kuɗin hayar da aka tara musu. Wannan abin kirki ne, sai dai ba abin taƙama ba ne ga garin da ya san dalilin da ya sa masu gidajen suka gudu tun farko.

Su kuma mutanen gaɓa, da suka sami jiha, sai rabon arzikin ya soma zamewa. Kafin yaƙi yankin da aka haƙo ma'adini a cikinsa yana samun kashi 50 cikin 100 na kuɗin haƙar. Cikin 1970 aka mai da shi 45, cikin 1971 gwamnatin tarayya ta ɗauke duk na man da ke cikin teku, cikin 1975 ya koma 20, cikin 1982 ya zama ɗaya da rabi. Sai tsarin mulkin 1999 ya ɗaga shi zuwa 13. Ana cikin haka mai yana malala a ruwan da su ke kamun kifi. Saro-Wiwa, wanda ya riƙe wa tarayya Boni, shi ne ya tashi da kukan Ogoni, kuma gwamnatin soja ta rataye shi a Fatakwal tare da mutum takwas ran 10 ga Nuwamba 1995. Bayansa samari suka shiga mashigan nan da Boro ya nuna wa soja, suna fasa bututu suna kama ma'aikata, har Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi musu afuwa cikin 2009. An mayar da tsaron da da can mutanen wurin suka yi da yardarsu ya zama abin da a ke saye da albashi.

Saura kalma ɗaya ga fatake. Cikin Fabrairu 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta rufe wa Kudu abinci, aka tsai da motoci a Jebba. Kukansu na rayuka da dukiyar da suka yi hasara gaskiya ne, kuma ya cancanci diyya. Amma makamin da suka ɗauka shi ne wanda aka gwada a 1968, kuma ba a kan waɗanda suka ƙone rumfuna ya sauka ba. Tumatir ya yi tsada a Ikko, talaka ya rage miya, a nan kuwa ya ruɓe cikin kwanduna a hannun manoman Kadawa da Kura, albasa ta faɗi warwas. Bayan kimanin mako guda aka janye, motoci suka ci gaba da tafiya Kudu.